Yadda ake zaɓen kuloci mai ƙarfi ba tare da an yi asarar kuɗi ba

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin jama'a a Gombe. Da Peugeot 504 na fara koyo, lokacin ita ke riƙe da hanyar Bauchi da ta Yola. Yau kuwa abin da ya fi shigo mana gareji a nan wajen Tashan Dukku shi ne Golf 3, Sharan, Homa, Hilux, sai jefi-jefi Corolla ko Civic mai giyar hannu. A 'yan shekarun nan akwai maganar da nake ji kusan kowane mako: "Oga, wannan karon ka samo min kuloci mai ƙarfi, wanda ba ya ƙonewa." Direban haya na faɗa, mai jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye na faɗa, samarin da suka kalli motocin tsere a waya su ma na faɗa. Magana ɗaya suke yi, amma ciwonsu daban-daban ne, kuma wanda ya sayi maganin ciwon wani, kuɗinsa sun tafi, ciwonsa na nan.

Abin da muke kira kuloci kaya uku ne a kwali guda. Akwai faranti, mai fata gaba da baya, da haƙora a tsakiya inda sandar giyabos ke shiga. Akwai kaba, murfin ƙarfen nan mai yatsu, shi ke matse farantin a jikin filawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a bayan injin. Sai rilis, ɗan boris ɗin da ke danna yatsun in ka taka fedal. Riƙon kuloci daga wuri uku yake fitowa: faɗin faranti, irin fatar da ke jikinsa, da ƙarfin matsin kaba. Faɗi kam filawil ɗin motarka ya riga ya yanke hukunci. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka kwali ya ce wannan mai ƙarfi ne, ɗayan biyu aka taɓa, ko an ƙara matsi, ko an sauya fata. Kowanne kuwa akwai abin da zai ci maka bayan ka bar shago, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba.

Kafin a je ga saye, ka tabbatar kulocin ne ya mutu, ka kuma san abin da ya kashe shi. Hau titi mai kyau, irin na hanyar filin jirgi, sa giya ta huɗu kana tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, sannan ka danne totur. In injin ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. In da lodi a bayanka, hawan nan na fita gari zuwa Mil Uku ma ya isa ya tona masa asiri. Sai dai zamewa ba kullum tsufa ba ne. A mota mai kebur, in kebur ya ɗaure babu 'yar wasa a saman fedal, rilis zai yi ta danna yatsu kana tafiya ba ka sani ba. In kuma sil, wato robar da ke tare mai, na bayan injin ko na bakin giyabos na yoyo, mai zai jiƙa fata, fata mai maiƙo kuwa ba ta riƙo ko ta wane kamfani ce.

Wani direban Sharan da ke zirga-zirgar Gombe zuwa Yola ya zo min ransa a ɓace, an sauya masa kuloci sau biyu cikin shekara guda. Ya ce, "Oga, na gaji, ka sa min na tsere kowa ya huta." Na ce, "Direba, bari mu sauke giya tukuna, gani ya kori ji." Da muka sauke, cikin ƙwaryar giyar baƙi ƙirin da mai, farantin da aka sa masa wata huɗu da suka wuce fatarsa ko rabi ba ta ci ba, amma ta sha mai ta ƙoshi. Sil ne, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da na kuloci. Da na biye masa, da na tseren ma haka zai bi sahun na baya. Haka nan in matsalarka giya ce ke ƙin shiga, ko ribas na gurnani, a fara duba masta da silindar ƙasa, wato silindu biyun da ke kai takun fedal ga kuloci ta hanyar mai, a ga ko man ya ragu ko iska ta shiga. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa, ba a ko taɓa giyabos ba.

To, mu ce an tabbatar sai an sauya. Lambar da ta shafi kuloci ita ce ƙarfin murɗawar injin, wanda ake rubutawa da Nm. Ƙarfin doki da samari ke yawan ambata ba shi ne ma'auni a nan ba. Golf 3 mai injin 1.8 da doki 90 tana ba da Nm 145. Corolla mai injin 1ZZ na 1.8 tana wajen 170. Injin 2TR na fetur mai 2.7, wanda ke cikin Homa da Hilux, yana wajen 240. Sharan mai dizal 1.9 da doki 115 kuwa Nm 310 take bayarwa, ta ɗara su duka duk da injinta bai kai na Homa girma ba. Kulocin da kamfani ya sa wa kowacce an yi shi ne ya riƙe wannan ƙarfi har da rara a kai.

Ga abin da nake roƙon duk mai ɗaukar kaya ya riƙe, don a nan mutane suka fi zubar da kuɗi. Buhu ba ya ƙara wa injin ƙarfi. Ko ka cika Hilux da masara daga Kumo har ta durƙusa, injin ba zai murɗa fiye da abin da aka yi shi da shi ba, kuma da zarar kuloci ya gama kamawa, lafiyayye zai riƙe. Abin da lodi ke ƙarawa shi ne tsawon lokacin da faranti ke gugar filawil kafin mota ta miƙe. Motar da ba kaya, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ta kama. Mai obalodi a kan tudu, direba zai riƙe rabin kuloci yana ba da wuta, faranti na ta guga. Wannan gugar ita ce zafi. Zafi ke ƙona fata, ya mai da ita sumul tana ƙyalli, ya yi wa filawil tabo shuɗi, ya kuma sanyaya ƙarfin yatsun kaba. Duk wanda ya taɓa bin hawan Tula a bayan mota mai kaya ya san warin nan, kamar an ƙona tsumma da roba. Haka ma wanda ya sa wa Hilux manyan tayu fiye da nata, ya tsawaita gugar a kowane tashi. Irin waɗannan mutane fata mai jure zafi suke buƙata, da ƙafa mai haƙuri. Matsi mai yawa ba shi ne maganinsu na farko ba.

Wanda ke buƙatar ƙarin matsi da gaske shi ne wanda ya ƙara wa injin ƙarfi: an taɓa ƙwaƙwalwar mota mai tobo an buɗe mata wuta, ko an ɗora tobo a inda babu, ko an cire ƙaramin injin an sa babba aka bar tsohon giyabos. Ga irinsu, ni ƙa'idata ita ce a nemi kulocin da ya ɗara ƙarfin injin da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a tsaya nan. Wuce haka ba riba sai wahala. Kaba mai tsananin matsi na sa fedal tauri, kuma wanda ke shiga gosulon Babbar Kasuwa kullum, gwiwarsa za ta ba shi labari. Ba gwiwa kaɗai ba. Kebur na tsinkewa, cokalin da ke tura rilis na lanƙwashewa ko ya tsage, masta na saurin yoyo, kuma duk takun da ka yi karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, ake turawa gaba, 'yan metal ɗin da ke tare shi ta gefe suna cinyewa. In suka cinye, maganar ta tashi daga kuloci ta koma sauke injin.

Yanzu fata, wadda ita ce zuciyar zancen.

Fatar da ke zuwa da kusan kowace mota daga kamfani ita ake kira oganik, zare ne da 'yan wayoyin ƙarfe aka haɗa da danƙo aka gasa, da'ira ce cikakkiya. Tana kamawa a hankali, ba ta cin filawil, kuma in ta ɗan yi zafi ta huce takan dawo daidai in ba a kai ta ga ƙonewa ba. Akwai irinta mai ƙwari, wadda aka ƙara wa tagulla da ingancin danƙo, galibi tare da kaba mai ɗan ƙarin matsi kaɗan. Wannan ita ce nake ba mai Hilux ɗin lodi, da mai Homa, da wanda ya ɗan ƙara wa injinsa wuta. In ka tambaye ni wane kuloci mai ƙarfi ne kuɗinsa suka fi halatta a irin hanyoyinmu, wannan ne, ban da shakka.

Sai Kevlar, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Tana daɗewa ƙwarai, ba ta cin ƙarfe, amma tana da sharaɗi. Tana son filawil mai fuska sumul, tana son a lallaɓa ta tsawon lokaci kafin ta zauna, kuma in aka ƙona ta sau ɗaya ta yi ƙyalli, ba ta dawowa. Mai mota ɗaya da ke tuƙa abarsa da kansa zai iya morar ta. Motar haya da yau wannan direba gobe wancan, ba na ba da shawara.

Ta uku ita ce seramik, wadda samari ke kira ta tsere. Za ka gane ta da gani, farantin ba da'ira ba ne, kunnuwa ne huɗu ko shida, kowanne da ɗan tubalin fata mai tauri kamar dutse. Tana jure zafin da zai narkar da oganik, tana riƙo sosai. Amma ba ta san a hankali ba. Ko ta saki ko ta cafke. An yi ta ne don motar da za ta tashi da ƙarfi a fili, a sauya mata kaya bayan 'yan tsere, ba don mai tsayawa a kowace kwana yana ɗaukar fasinja ba. Kuma taurin nan nata a jikin filawil da kaba yake ƙarewa, tana cin su kamar zarto.

Wani saurayi ɗan unguwarmu, mai Civic 1.6, ya yi odar irin wannan ta intanet, mai kunne shida, babu ko sifirin a tsakiya. Ya kawo min da murna, ya ce, "Baba, ga shi ya iso." Na ce, "Ɗana, injinka bai kai Nm 150 ba, wannan an yi shi don abin da ya ninka haka. Ba za ka ji daɗinsa ba." Ya nace, na ɗaura. Har yau ina ganin da laifina a ciki, don na san abin da zai biyo baya, kuma yaron amana ya kawo min. Bai yi wata biyu ba ya dawo. Mota na karkarwa a kowane tashi, tana mutuwa a shataletale mutane na masa hon, robar da ke riƙe injin ɗaya ta yage, mahaifiyarsa ta ce ba ta ƙara shiga. Da muka sauke, filawil ya yi zane-zane har farce na maƙalewa. Ya biya kuɗin aiki karo na biyu, ya sayi kuloci irin na kamfani, ya sayi filawil na Beljiyam, ya sayi roba. Gudun motar kuwa ko ɗigo bai ƙaru ba, don kuloci ba ya ƙara wa injin komai, abin da aka ba shi kawai yake miƙawa.

Na ambaci sifirin, bari in tsaya a kansa kaɗan. 'Yan sifirin ɗin nan da ke kwance a tsakiyar faranti su ke shanye bugun injin kafin ya isa haƙoran giya. Motar titi mai filawil na ƙarfe guda dole farantinta ya zo da su. Wanda babu su, giyabos da dirabshaf ne za su sha dukan.

A kwalaye za ka ga an rubuta Stage 1, Stage 2, Stage 3. Kada wannan ya ruɗe ka. Babu wata hukuma da ta tsara ma'anarsu, kowane kamfani da yadda ya ga dama, Stage 2 na wannan zai iya zama Stage 1 na wancan. Tambayoyin da za ka yi uku ne: wace irin fata ce, nawa ne ƙarfin da aka ce yana riƙewa, kuma an ƙara matsin kaba da yawa ko kaɗan. Kayan da suka fito daga Amurka da lb-ft suke rubuta ƙarfin. Ka ninka da 1.36 ka sami Nm, wato 200 nasu ya kama 272 namu. Kwalin da aka cika da zanen wuta da tutar tsere amma babu lamba ko ɗaya, ajiye shi ka yi gaba.

Filawil shi ne abin da masu mota suka fi mantawa, alhali rabin aikin a jikinsa yake. Sabon faranti a kan filawil mai tudu da kwari ba zai zauna ba, zai yi karkarwa, zai mutu da wuri. In tabon bai yi zurfi ba, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. In ya tsattsage, a sauya. Akwai kuma filawil mai ɓari biyu da sifirin a cikinsa, wanda LuK ta fito da shi a 1985, ana samunsa a yawancin motocin Turai masu dizal, har da Sharan. Shi galibi ba a share shi, in ya mutu sai sabo, kuma yana da tsada. Alamarsa ƙara ce kamar ana kaɗa gwangwani in an tayar da mota ko an kashe. Saboda tsadar, wasu kan kai shi a yi masa walda a haɗe ɓarin biyu. Ina roƙon kada ka yarda. Farantin irin wannan filawil sau da yawa ba shi da sifirin nasa, ya dogara ne da na cikin filawil, in aka kashe su da walda ba sauran abin da ke tsakanin bugun dizal da haƙoran giya. Ga shi walda ba ta zuwa daidai, nauyi zai rinjayi gefe guda. In aljihu bai kai ba, akwai saitin da ake sayarwa na komawa filawil na ƙarfe guda tare da farantinsa mai sifirin. Za ka riƙa jin ɗan ƙaran giya in mota na tsaye, amma hanya ce da aka tsara. Filawil mara nauyi na masu tsere kuwa, mai lodi ya nisance shi, don nauyin nan shi ke taimaka maka tashi a kan tudu ba tare da mota ta mutu ba.

Wajen girma, kada ka dogara da sunan mota kawai. Motocinmu da yawa an sauya musu injin ko giyabos tun kafin su zo hannunka, lambar shasi na faɗin abu ɗaya, abin da ke ciki na faɗin wani. A sauke tsohon, a auna faɗinsa, a ƙirga haƙoransa, a tafi da shi shago. Corolla mai 1ZZ farantinta milimita 212 ne da haƙora 21. Golf 3 kuwa akwai mai 200 akwai mai 210, haƙoran ma sun bambanta, kuma masu ƙaramin giyabos tsarin kulocinsu a juye yake, kaba ne ke ɗaure a jikin karanshaf, rilis na can ƙarshen giyabos yana turo wata 'yar sanda ta ciki. In ana aikin irin wannan, a duba sandar da ɗan sil ɗinta, don ta nan man giya ke bi ya jiƙa faranti. Sabon farantin kuma, kafin a ɗaura, a zura shi a sandar giyabos a ga yana tafiya gaba da baya ba cijewa ba kuma girgiɗi.

Sunayen da na yarda da su su ne waɗanda ke yi wa kamfanonin mota kaya tun asali. Motocin Japan, Aisin ko Exedy. Aisin 'yar gidan Toyota ce. Exedy kuwa ita ce tsofaffinmu ke kira Daikin har yau, a 1995 ta sauya suna, kuma tana da nata layin masu ƙarfi. Volkswagen, LuK ko Sachs. Peugeot, Valeo. Sau da yawa abin da ke cikin kwalinsu shi ne wanda ke cikin kwalin mai tambarin mota, a farashi mai sauƙi. Matsalar ita ce, sunan da ya yi kyau shi ake yi wa jabu. Tun da aka saki naira a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, jabu kuma ya ƙara samun kasuwa, don mutum na neman sauƙi. Kayan da ke zuwa mana daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi, akwai na ƙwarai akwai gauraye, shi ya sa ido da hannu suka zama dole.

Ga yadda nake yi in na shiga shago. Ina buɗe kwali a gaban mai kaya, wanda ya hana buɗewa na bar masa abinsa. Ina gwada lambar da ke kwali da wadda aka buga a jikin ƙarfen, na ƙwarai bugun nasa a nutse yake, tsaf, ba fenti aka shafa ba. Ina ɗaga kaba in ji nauyinsa a hannu in gwada da tsohon da na zo da shi, jabu ya cika sakayau. Ina kwantar da shi in dubi yatsun ta gefe, dole su tsaya kai ɗaya, in ɗaya ya ɗara wani, karkarwa ce ke jiranka. Ina girgiza faranti kusa da kunne, sifirin ɗin sabo ba sa ɓaɓatu. Ina duba ribit ɗin da suka riƙe fata, su zama iri ɗaya, a nutse. In ka ga fata sabuwa fil amma haƙoran tsakiya sun side, ko ƙarfen na warin sabon fenti, tsoho ne aka yi wa sabuwar riga. Sannan farashi. In shaguna uku sun faɗi kuɗi kusa da juna, na huɗu ya ce rabin haka, ruwa ba ya tsami banza. Ka karɓi rasit da lambar kayan a rubuce, ku kuma yi magana a kan mayarwa in bai hau ba.

Na Beljiyam fa? Ba na kushe shi gaba ɗaya, don na ƙwarai da aka ciro daga mota ya fi sabon jabu. Amma sai an auna. Littafin gyaran Toyota ya ce in zurfin kan ribit daga saman fata ya sauka zuwa milimita 0.3, farantin ya gama aiki. Wanda ya kusa nan, kuɗin aiki kawai za ka ɓata. A kaba kuma a duba bakin yatsu inda rilis ke taɓawa, in ya yi rami, ko fuskar ta yi shuɗi, ya sha wuta. Rilis kam ban taɓa yarda da tsoho ba.

In kana lissafin araha, ka haɗa da sauke giyabos. Aikin wuni ne, wata motar har da kwana, ga man giya, ga ranar da motar haya ba ta fita ba alhali balas na jira. Kulocin da ya yi rabin kuɗi amma aka sauke giya sau biyu dominsa, ya fi na ƙwarai tsada, araha ba ta ado. Don haka tunda an buɗe, a sauya ukun tare, faranti da kaba da rilis. A sauya sil in akwai ko alamar danshi. Motar da silindar kulocinta ke cikin ƙwaryar giya haɗe da rilis, a sauya ta a lokacin, don ranar da ta yi yoyo sai an sake sauke komai.

Ranar ɗaurawa, in da hali ka tsaya a wurin. Ƙurar tsohon kuloci kada yara su hure ta da iska ko da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don akwai fatun da ake haɗawa da asbesto, yana illa ga huhu. A wanke maiƙon da ke fuskar sabon kaba da na filawil. A duba rubutun da ke nuna gefen da ke kallon filawil ko giyabos, don faranti na shiga a juye kuma ba zai saki ba. A saita tsakiyarsa da tsohuwar sandar giya ko abin saiti, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan har su zauna tare. Giris a haƙora ɗan kaɗan ne, kamar shafa kwalli, in ya yi yawa juyawa za ta watsa shi kan fata. Kuma kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faranti ana kokawar shigarwa, ko a jawo shi da notuna da ƙarfi. Faranti da yawa a nan suke lanƙwashewa tun ba su yi tafiyar kilomita ɗaya ba, daga baya a ce kayan ne ba kyau.

Bayan an gama, sabon kuloci na son a bar shi ya zauna. Masu yin irin mai ƙarfi da yawa na cewa a yi kusan kilomita 800 na tuƙin cikin gari a hankali. Tafiya ɗaya zuwa Kano a giya ta biyar ba ta shiga lissafi, don ba a taka kuloci a ciki, tashi da tsayawa ne ke zaunar da fata. A wannan tsakani ba tashi da ƙarfi, ba cikakken lodi, ba jan wata mota. Ka tashi da giya ta ɗaya ko da mota ba kaya, ɗabi'ar tashi da ta biyu ta kashe kuloci fiye da yadda direbobi ke zato. In ka tsaya a tudu ja birkin hannu, kada ka riƙe mota da rabin kuloci. In an tsaya jira, fitar da giya ka ɗauke ƙafa, kuma in kana tafiya ƙafar hagu ta sauka ƙasa, ko ɗan ɗora ta a fedal na sa rilis aiki. Mai kebur ya dawo gareji bayan mako biyu a duba 'yar wasan fedal, mai masta a duba mai. In kilomita 800 ɗin sun cika, ka ɗauki lodinka na kullum ka nufi hawan Mil Uku a giya ta huɗu, ka danne totur ka saurara. In muryar injin da gudun mota suna tashi tare, aikin ya yi.